Ɗigon da ya sa na ƙaryata 'yata

Wata bakwai ke nan, amma har yau idan na tuna abin da ya fito daga bakina a daren nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. "Ƙarya kike yi, na ga inda kike." Abin da na faɗa wa 'yata ke nan, yarinya 'yar shekara 14, alhali gaskiya take gaya mini.

Saka manhajar bibiya, wadda ke nuna inda wayarta take da ɗan ɗigo a kan taswira, ba wani aiki ba ne. Na ɗauki wayarta tana barci, cikin minti goma na gama, na ɓoye alamar manhajar a inda ba za ta lura ba. Mahaifiyarta ta ce in gaya mata, na ce idan ta sani ai an kashe amfanin abin. Ta dube ni ta ce, "To, ka dai san abin da za ka ce mata ranar da ta gane." Ban saurare ta ba. Duk abin da ya biyo baya daga wannan ɓoyon ya samo asali.

Makonnin farko na ji daɗi sosai. Ɗigo ya bar gida, ɗigo ya isa makaranta, hankalina ya kwanta. Daga baya abin ya koma kamar ƙaiƙayi. Ina tsakiyar aiki sai in ga hannuna ya kai kan taswira, wata rana ya fi sau ashirin. Ban taɓa ganin wani abin ashsha ba, amma hakan bai sa na rage dubawa ba. Kullum ina jiran ranar da zan kama wani abu, kuma wanda ke jiran laifi ko inuwarsa ya gani sai ya ce shi ne.

Ran da abin ya faru tana ajin ƙarin darasi na yamma, a hawan ƙasa na wani dogon bene. Ƙarfe biyar da rabi na duba, sai ga ɗigo a wani layi can bayan babban titi, wajen rabin kilomita daga inda ya kamata ta kasance. Minti arba'in bai motsa ba. Na kira sau huɗu ba ta ɗauka ba (malaminsu ya hana taɓa waya a aji, kuma na san da haka, amma fushi ya mantar da ni). Kafin ta dawo na riga na gama shari'a a raina na yanke hukunci. Tana shigowa na ce, "Daga ina kike?" Ta ce, "Daga darasi, Baba." Na maimaita sau uku, ta maimaita sau uku. Sai na saki maganar nan.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta tsaya da jakarta a kafaɗa ta ce, "Baba, ta yaya ka gani?" Nan na gane na tona wa kaina asiri da bakina, kuma magana zarar bunu ce.

Washegari na je wurin da kaina, ina neman hujjar da zan kare kaina da ita. Malamin ya buɗe rajista, ga sunanta, har da takardar gwajin da ta rubuta a daidai lokacin. Sai na shiga ajin da tawa wayar na buɗe taswira. Ina tsaye a tsakiyar ɗakin, ɗigona ya yi tsalle ya sauka kusa da layin nan na bayan titi.

Ga abin da ya kamata in sani tun farko. Waya tana gano inda take ne ta hanyar sauraren taurarin ɗan'adam na GPS da ke nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa, kuma tana bukatar saƙon aƙalla guda huɗu kafin ta ƙayyade wuri. Saƙon ba shi da ƙarfi, kankare da ƙarfen gini suna tare shi. Idan ta rasa shi sai ta koma kintace da Wi-Fi na maƙwabta ko turakun sadarwa, kuma nan kuskure yana iya kai ɗaruruwan mitoci. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne manhajar ba ta ma ɓoye mini ba. Akwai wata da'ira mai dishi-dishi kewaye da ɗigon, girmanta ke nuna yawan rashin tabbas. A yammacin nan da'irar ta haɗiye unguwa guda, har da benen da take ciki. Ni ɗigon kawai idona ya gani.

Na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce. Amma kuskuren taswira ba shi ne ya yi mata ciwo ba. Tambayarta ɗaya ce, "Tun yaushe?" Da na ce wata uku sai ta yi shiru, na ga tana lissafin duk ranakun da na tambaye ta ina ta je alhali na riga na sani. Daga ranar wayarta ta fara "mutuwa" da rana tsaka, ko a manta ta a gida kan caji. Ashe yaran nan sun san dabarun tun tuni: a bar waya a jakar ƙawa, a kashe data, akwai ma manhajojin da ke nuna wurin bogi. Kifi na ganinka, mai jar koma. A da a mota take cika mini kunne da labarin wa ya yi faɗa da wa, wace malama ce ta yi fushi. Wannan duk ya tsaya. Garin neman gira na rasa ido.

Na kawo zancen a taron iyaye na makarantarsu ba tare da na ce ni ne ba, nan take aka rabu biyu. Wani ya ce yaron da kai ke ci da shi kai ke sha da shi, wane sirri gare shi? Wata ta ce duniya ta lalace, gara yarinya ta yi fushi da a neme ta a rasa. Ban ga laifinta ba, tsoron nan ne ya kai ni. Wasu kuma suka ce leƙen asiri ne, ko da wane suna aka kira shi. Na lura masu ƙananan yara ne suka fi goyon baya, masu 'yan shekara goma sha kuwa sun fi yin shiru. A Amurka, binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2016 ya nuna kashi 16 cikin ɗari na iyayen matasa ne ke bibiyar inda 'ya'yansu suke ta waya. A ɗakin taronmu da aka ce masu yi su ɗaga hannu, sai na ga hannaye ta ko'ina. Da aka ce waɗanda 'ya'yansu suka sani fa, hannaye suka fara sauka. Sashe na 16 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ya ce yaro ma yana da haƙƙin sirri. A da dariya nake yi wa irin wannan magana.

Na yi niyyar saya wa ƙaninta ɗan shekara 8 agogon hannu mai bibiya, amma wannan karon sai da na yi karatu. A 2017 hukumar kare masu sayayya ta Norway ta gwada irin waɗannan agogunan ta gano cewa a wasunsu baƙo na iya kutsawa ya ga inda yaro yake, har ya yi magana da shi. A Nuwamban shekarar Jamus ta haramta masu damar sauraren abin da ke kewaye da yaro a ɓoye, ta ce wa iyaye su lalata su. A ƙarshen 2021 kuma 'yan jaridar The Markup suka bankaɗo cewa manhajar bibiyar iyali ta Life360 na sayar da bayanan wuraren masu amfani da ita ga dillalan bayanai. Ba ita na yi amfani da ita ba, amma sai a lokacin na tambayi kaina su wa ke ganin ɗigon 'yata ban da ni. Na fasa sayen agogon.

Idan za ka yi, ka gaya wa yaron kafin ka taɓa wayarsa, ku daidaita kan yaushe za ka duba. Ka dubi da'irar kafin ɗigon. Kada kuma ka yi tambayar da kake ganin ka riga ka san amsarta, tarko ne, kuma yaro ba ya manta wanda ya ɗana masa.

Ban daina gaba ɗaya ba. Yanzu ita ke kunna wurin da kanta idan za ta yi dare ko tafiya mai nisa, tana kuma ganin nawa. A makon jiya na ɗauko ta daga makaranta na ce, "Yaya yau ɗin?" Ta kalli taga ta ce, "Ai ka gani, Baba." Ban duba taswira ba ranar, amma ban san yadda zan sa ta yarda ba.