Abin da na koyo a lambun Humayun

Kafin a kai mu lambun da ya kewaye kabarin Sarki Humayun, na daular Mughal da ta taɓa mulkin Indiya, a Delhi, darasin gyaran wuraren tarihi a wurina zane ne kawai a takarda. An gina kabarin a shekarun 1560, lambun kuma murabba'i ne da hanyoyin ruwa suka raba gida huɗu, kwaikwayon ƙoramun Aljanna huɗu. Daga baya Turawan Ingila suka cusa masa irin nasu tsarin fulawa, a 1947 kuma ya zama sansanin 'yan gudun hijira lokacin raba Indiya da Pakistan. Ruwa ya ƙafe, ƙasa ta taru ta binne komai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawancin aikin gyaran kwashewa ne. Gidauniyar Aga Khan da hukumar kayan tarihi ta Indiya, waɗanda suka kammala gyaran lambun a 2003, sai da suka fitar da ƙasa kimanin mota 3,000 kafin ainihin shimfiɗar wurin ta bayyana. Mu ɗalibai kuwa kullum hannunmu na ƙaiƙayin ƙara wani abu.

Sai maganar ruwa, inda malaminmu ya fi daɗewa. Ya sa muka durƙusa bakin wata siririyar magudana ta jan dutse, ya ɗora busasshen ganyen darbejiya a kan ruwan. Da ƙyar ake ganin motsinsa, amma yana tafiya. An sake shimfiɗa magudanun ne da gangarar santimita 1 a kowace mita 40. In gangarar ta gaza haka ruwa ya kwanta ya yi gansakuka, in ta zarce ya ruga ya bar wani sashe a bushe. Duk wanda ya taɓa ganin sabuwar kwata da ruwa ke komawa baya a cikinta ya san abin da ake gudu. Masassaƙan dutse ne suka fitar da wannan awo da hannu, dutse bayan dutse.

Bishiyoyin ma ba da ka aka dasa su ba. An bi rubuce-rubucen zamanin Mughal aka zaɓo mangwaro, lemun tsami da darbejiya. Shimfiɗaɗɗiyar ciyawar ce ba ta kwanta mini ba, don ta fi kama da ɗabi'ar Ingila. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce in fara lissafa mutanen da ke shigowa kullum, sannan in gaya masa inda zan zaunar da su.