Doguwa ce, Hajiya

Juma'a, 31 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya saura na dare

Gida ya yi tsit, daga ni sai tulin alawa a kan tire, ta Halowin, bikin da yara ke yin shigar ban dariya suna bi gida gida ana ba su alawa a nan Filadelfiya, Amurka. Ina ware masu danƙon nan gefe guda, tunda jalatin ɗin da ke ciki ba a sanin na saniya ne ko na alade, kuma gobe Auta zai tashi ya ɗaure ni da shari'a a kan kowace ƙwaya. Bayana kamar an daka a turmi. Amma ba gajiya ce ta hana ni kwanciya ba.

Rigar da na ɗinka wa maƙwabcinmu Dogo don bikin dai ta fita, bari in fara da wannan kafin masu tambayar yadda ta kaya su cinye ni. A kan keke asuba ta same ni ina kalmasa. Yadi goma sha biyu na satin ruwan kabewa, wanda na yi sati biyu ina zarya a layin 'yan yadi na titi na huɗu kafin in samu launin da ya kwanta mini. Dogo ƙafa shida ne da inci huɗu, ga takalmi mai tsini inci shida a ƙasa. Daga kafaɗa zuwa ƙasa inci 68 na yanka, tun da na fara koyon ɗinki a Fagge almakashina bai taɓa tafiya mai nisan haka ba. Ƙugun ma ba nasa ba ne, soson katifa ne ya fere da kansa ya cusa cikin doguwar safa, dole sai da shi a jiki na ɗauki awo. Acuci ne dai irin namu, sai dai nasu ya yi makaranta.

Wajen goma na safe mahaifiyata Hajiya ta kira ta bidiyo, ƙarfe uku ke nan a Kano, an sauko daga Juma'a. Na jingina wayar da kwalbar man keke ina ɗinke duwatsun wuya, ban tuna rigar tana rataye a bayana ba.

"Ke, wace amarya ce da wannan uban ɗinki?"

"Na maƙwabta ne, Hajiya."

Na ɗauka na tsallake. Maƙwabta ai jama'a ne, ba mace ba namiji.

"Ikon Allah. Wannan tsawo haka? Doguwa ce?"

"Doguwa ce."

Ta yi ta sa albarka, ta ce hannuna ya faɗa, ta ce in turo mata hoton matar idan ta sa. Muka koma maganar tsadar shinkafa da ciwon gwiwarta.

Shekarata huɗu ina magana da Dogo da Turanci, kuma Turanci bai taɓa tilasta mini zaɓi ba, kalma ɗaya ce ake ce wa wanda ke gabanka ko mace ko namiji. Hausa ba ta da wannan rangwamen. Kafin ka kai ƙarshen jimla sai ta tambaye ka, ka ne ko ki, ya ko ta, ne ko ce. Yau ta tsare ni a gaban mahaifiyata na ce "ce". Ko yanzu da nake rubutun nan sai da na tsaya. Na bar shi a "ya", don haka na san shi: nas ne a asibiti, da shuɗin kayan aiki yake fita da sassafe, shi ne ya kwashe mana dusar ƙanƙara a ƙofar gida lokacin da Baban Ummi ya yi jinyar baya. Shi da kansa ya ce mini shigar matan sana'a ce ta dandamali, dirag suke ce mata, idan ya wanke fuska ya gama. Idan yana cikin kwalliya kuwa duk layin "ita" suke cewa, har yara.

Azahar, girki, rigima da Ummi a kan farar rigar likita da ta ce ta yi mata yawa. Auta shigar zaki ya yi bana. Sharaɗin babansu bai canja ba: ba fatalwa, ba shaiɗan, ba jini, kuma da an kira magariba a shigo a yi salla. Shi ya ɗauki mota ya fita aiki, ya ce daren Halowin fasinja ba ya yankewa. Na san ba don fasinja kaɗai ba ne.

Ƙarfe huɗu aka gitta katako a bakin layi. An sha wahala a kan takardar izinin rufe layin. A Filadelfiya ba a rufe layi don biki sai kashi uku cikin huɗu na gidajen sun sa hannu, Dogo ne ya bi ƙofa ƙofa tun watan Satumba. Tsohon nan na gidan da ke kan kwanar layi ya ƙi sa hannu, wai shi ba zai ga ƙato da rigar mata a gaban jikokinsa ba. Alhali kowace ranar ɗaya ga Janairu ɗansa yana cikin ayarin Mummers, masu faretin sabuwar shekara, a titin Broad, da rigar mata da 'yar lema da takalmi ruwan zinariya, tsohon har hoton ya manna a taga. Wannan wai al'ada ce tun 1901. To. Yau kuma shi ne a sahun gaba da kujerarsa ta ninkewa.

Kabewa a kowane dakali, an ƙwaƙule an yanka mata ido da haƙora an kunna kyandir a ciki. Har yanzu raina yana sosuwa in na ga miyar taushen wata guda tana ruɓewa a ƙofar gida. Ummi ta ce malamarsu ta gaya musu abin daga Ayalan ya zo, can ma da wani tushe mai kama da rogo suke yi, sai da suka yi hijira zuwa Amurka suka samu kabewa ta fi sauƙin fera. Ni dai tun shekarar farko da na ga yara suna bi gida gida cikin shigar ban dariya ana ba su abin hannu na ce wannan ai tashe ne, azumin kawai aka cire. Mu ma daga goma ga wata haka muke yi. Yaya da gemun auduga da allo yana rawar malam, ni kuma an naɗa mini babbar rigar Baba da hula ina tafiyar maigida, Hajiya tana dariya har da riƙe ciki.

Da Dogo ya fito sai layin ya ɗauka da ihu. Wallahi rigar ta zauna. Tattarar da na yi ta zuba daidai, wutsiyar tana jan ganyen da ya zubo a titi, duwatsun wuya suna ɗaukar hasken yamma. Na tsaya ina duba kafaɗa, don nan ne tsorona, ko ɗigon tattarewa babu. Ya hau bayan motar a-kori-kura da aka mayar dandamali, ya riƙe makirfo, ya yi awa biyu bai bar wani yaro ya sauka ba tare da an tafa masa ba. Wata 'yar shekara uku da aka yi wa shigar ƙudan zuma ta fashe da kuka da ta gan shi. Ya tsuguna, da wannan takalmin, ya cire zoben kunne ɗaya ya ba ta ta riƙe, ya yi ƙasa da murya har ta yi shiru. Gasar karnuka. Gasar tsofaffi. Auta ya zo na uku, yana can ya yi barci da lambar a wuya.

Dab da magariba ne ya ce jama'a su yi shiru, zai gode wa wadda ta yi masa rigar. Ya faɗi sunana. Cikakke, da lambar gida, ya ce duk mai son ɗinki ga gwana a layinmu. Ya miƙa hannu yana nuno inda nake.

A daidai lokacin idona ya faɗa kan matar mai shagon naman nan na titin Woodland, wadda muke haɗuwa a karatun Lahadi, ta kawo jikokinta. Ban san sanda na ja da baya na shige bayan bishiya na sunkuya kamar ina ɗaure wa Auta takalmi ba. Takalmin ba shi da igiya. Aka yi ta tafi ana waige-waige, ba a ga kowa ba, ya yi wata barkwanci ya wuce.

Bayan isha aka ƙwanƙwasa. Shi ne, ya cire gashin ya riƙe a hannu kamar kaza, kansa da hular raga, rabin hodar ta narke, takalman a ɗaya hannun. Zif ya ci yadi a baya, ya kasa fita daga rigar. Na tsayar da shi a baranda na ɗauko ƙaramin almakashi da kujera, don sai na taka nake kaiwa. Yana ba ni baya ya yi maganar.

"Anti, na gan ki a bayan bishiya."

Na ce Auta ne.

"Da ban faɗi sunanki ba, ko?"

Na yi shiru ina tsinke zare.

"Ba komai, ki gaya mini. Rigar kike jin kunya ko ni?"

Da sauri na ce, "Haba, rigar? Ban taɓa ɗinki mai kyanta ba."

Sai da ta fita na ji abin da na faɗa. Shi ma ya ji. Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ce to ai ya samu amsa. Ba da fushi ba, da ma fushin ya yi. Ya ce ya saba, mahaifiyarsa tana Tenesi, jihar da ta fara kafa dokar taƙaita irin wasansa a bainar jama'a a 2023, kuma har yau ce wa 'yan cocinsu take yi ɗanta mawaƙi ne. Zif ya buɗe. Ya ce na gode, ya tattare wutsiyar a hannu ya tsallaka titi da safa. Can sai ga ƙanwarsa ta kawo rigar a leda da sauran kuɗina cif, har da ƙarin dala hamsin.

Hadisin na san shi tun ina Islamiyya, an la'anci namiji mai kwaikwayon mata da mace mai kwaikwayon maza, ba sai wani ya turo mini ba, don Allah. Da shi na kwana a rai ranar da na karɓi aikin, na ce ni tela ce, na ɗinka wa amaren coci, na ɗinka wa 'yan rawa, kuɗin haya ba ya jira. Idan kuskure ne, kuskuren yana kan keke, sati uku da suka wuce. Abin da na yi a bayan bishiya ba tsoron Allah ba ne. Allah ai yana ganina tun ina yanka. Tsoron matar mai nama ne.

Tun ɗazu wani mutum yake ta dawo mini, wanda na yi shekaru ban tuna ba. Ɗan daudun da ke tuyar kaji a bakin tasha kusa da gidanmu. Zani a ƙirji a kan riga, hannu a ƙugu, habaici kamar ya haɗiyi littafin karin magana. Shi da abokansa "ke" suke ce wa juna, mu yara muna leƙe muna ƙunshe dariya. Duk bikin da za a yi a gidanmu shi Hajiya take aika wa, don ba mai iya tukunyar mutum ɗari uku kamarsa, a bikina ma shi ya yi funkaso da miyar taushe. Ta ƙofar baya yake shigowa. A tsakar gida mata su kewaye shi ana shewa, in an haɗu a titi kuwa kowa ta ɗauke kai. Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 sai rumfar ta koma ba zani, ba shewa, sai tuya kawai. Daga baya rumfar ma ta tashi. Na tambayi Hajiya sau ɗaya, ta ce, "Oho, wa ya sani." Ban sake tambaya ba. Na san shi da Dogo ba abu ɗaya ba ne, wancan rayuwarsa ce dare da rana, wannan kuwa gobe da shuɗin kaya zai fita. Amma ɗauke kan iri ɗaya ne, kuma ashe na iya shi ba tare da an zaunar da ni an koya mini ba.

Baban Ummi ya dawo sha biyu, ya ce ya ɗauki fatalwa uku da wani Fir'auna. Na ba shi labarin rabi. Ya ce, "Ai na gaya miki," ya ci tuwo ya kwanta.

Jibi za a mayar da agogo baya, tsakaninmu da Kano ya koma awa shida. Sanyi ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa, sai an nemo tsumma.

Rigar tana rataye a ƙofar ɗakin ɗinki, bakin wutsiyar ya yi baƙi da ƙurar titi, akwai jan baki a wuya. Zif ɗin sai an sake sabo, mai ƙarfe zan sa wannan karon, laifina ne da na sa na roba a yadi mai nauyi haka. Fitilar ɗakinsa a kunne take, ina hangowa daga nan. Hajiya kuma ta turo saƙon murya tun kafin ta kwanta, daƙiƙa tara. Na saurara sau ɗaya. Wai ina hoton doguwar.