Autana da karatun gudu

Tun da aka fara shirin jarrabawar JAMB autana ya tsiri wata sabuwar ɗabi'a. Bayan sallar isha'i zai baje littafin ilimin halittu a kan tabarma a tsakar gida, ya saita agogon waya, ya ɗora yatsa a kan layi yana jan sa kamar mai share ƙura. Wai a wani bidiyo ya ga ana iya karanta kalma dubu a minti ɗaya. Ban ga laifinsa ba. Tambaya 180 ce a cikin awa biyu, kuma fargabar lokacin nan ce ke hana yaran layinmu a Tudun Wada barci.

Ranar Talata da dare ya ce, "Umma, na cinye shafi huɗu a minti uku." Na karɓi littafin na rufe, na ce to faɗa min yadda jini ke barin zuciya ya je huhu ya dawo. Ya kawo sunayen jijiyoyi biyu, ya tsaya, ya hau sosa ƙeya. Kalmomin duk ya gan su, amma abin da ya haɗa wannan da wancan bai shiga ba. Raina ya sosu, domin yaron yana da ƙoƙari, hanya aka nuna masa marar ɓullewa.

Wannan alkawarin gudu ya daɗe. Tun 1959 wata malama a Amurka, Evelyn Wood, ta buɗe kwas a kansa. Sai dai masu binciken da suka sa na'ura ta bi ƙwayar idon mai karatu sun ga ido ba ya tafiya sumul. Tsalle yake yi ya tsaya, kowace tsayuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, kuma haruffa bakwai zuwa takwas kawai yake gani tar. A 2019 Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent a Beljiyam ya tattara bincike 190, ya samu baligi mai karanta Turanci a zuci yana yin kalma 238 a minti. Ina 238, ina dubu?

Abin da ya fi ɓata min rai a bidiyon shi ne cewa da aka yi kada ido ya koma baya. Ni Hausa nake koyarwa a sakandare, kuma na san rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Nakan rubuta wa ɗalibai a allo: "Na ji kuka a miyar nan." Sai ka ga fuskokinsu sun canza a kalma ta biyar, ido ya juya da sauri, domin da farko kukan yaro suka ji, ashe kukar kaɗi ce. Haka gari na tuwo da gari na mutane. A WhatsApp kuwa, inda ba a damu da ƙugiya ba, baki da baƙi duk ɗaya ake rubuta su. Komawar nan ta ido ita ce gyaran fahimta. Wanda ya hana kansa ita, zai wuce da ma'anar da ya fara cafka ko da ba ita ba ce.

Mu da muka yi makarantar allo mun san wannan tun kafin na'ura. Hadisin Abdullahi ɗan Amr ya ce wanda ya sauke Alƙur'ani a ƙasa da kwana uku bai fahimce shi ba, kuma malaminmu ba ya biya maka gaba sai ya ji na baya ya zauna.

Gudu yana da wurinsa, ni ma da shi nake duba kanun jarida ko neman suna a rajista. Amma saurin da na gani yana ɗorewa a wurin ɗalibaina na waɗanda suka riga suka san kalmomin ne, ba sa tuntuɓe da su.

Shi ya sa washegari na biya Kasuwar Barci na sayo masa ƙaramin littafin rubutu. Duk kalmar da ta tsayar da shi ya rubuta ta da ma'anarta, duk ƙarshen shafi ya rufe ya faɗa min da Hausa abin da ya karanta. Jiya shafi biyu ya ci masa minti goma sha biyu. Da ya gama ya ɗauki gawayi ya zana min zuciya a kan siminti, ɗakuna huɗu, ya bi hanyar jinin da yatsa har ya dawo inda ya faro.