Yau Ubuntu ta cika fuskar kwamfutata

Talata, da daddare

Kusan duk yinin yau a kan VirtualBox na ƙarar da shi, wato manhajar da ke ba ka damar kunna wata kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfutarka. Ubuntun da na ɗora ciki (wani nau'in Linux ne, tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows) tana aiki amma girman hotonta ya maƙale a 800x600, ƴar mitsitsiya a tsakiya baƙi ya zagaye ta, in ka ja windo kuma sai ya riƙa biyo linzami yana ɗingishi, wallahi ko rubutu ba ya daɗi a haka.

Abin da na fahimta shi ne matsala biyu ce, girman hoto daban, sauri daban, kuma ƙara RAM ba ya maganin ko ɗaya. Ita Ubuntun ba ta ganin katin hoton da ke cikin kwamfutarka, wani na kwaikwayo VirtualBox ke nuna mata, to in babu direban da zai yi magana da shi sai furosesa ya ɗauki nauyin zana komai shi kaɗai, daga nan nawar take. Direban yana cikin Guest Additions, wato ƙarin manhajojin VirtualBox da ake sawa a cikin Ubuntun. Sai da na fara sa kayan haɗa direba, wato build-essential da dkms da linux-headers, tukuna, don ba zai haɗu da kanal (zuciyar Linux) ba in babu su, sannan na kunna VBoxLinuxAdditions.run, fayil ɗin da ke sa Guest Additions, na sake tada injin kwaikwayon. Yana dawowa na ja gefen windo sai hoton ya bi da kansa, na danna Ctrl na dama da F ya cika fuska a 1920x1080. Na ji daɗi sosai gaskiya.

Sauri ne ya fi cin lokaci. Na kashe injin gaba ɗaya (saitin ba ya canzuwa in yana kunne) na kai video memory 128MB, a nau'in katin kwaikwayo kuma na tabbatar VMSVGA aka zaɓa tunda ita ce ta Linux, VBoxSVGA ta Windows ce, VBoxVGA kuwa tsohuwa ce tun fitowar VirtualBox 6.1 aka cire mata 3D. Na kunna 3D ɗin, ya ɗan sake amma ba kamar yadda nake so ba, sai na hango ɗan koren kunkuru a ƙasan windo. Ashe kunkurun alama ce cewa Hyper-V, manhajar injin kwaikwayo ta Windows, shi ne ya riƙe VT-x (ɓangaren furosesa da ke sa injin kwaikwayo sauri), VirtualBox yana bi ta bayansa. Na kashe Hyper-V na sake kunna kwamfutar, kunkuru ya ɓace, bambancin a bayyane yake.

Duk da haka GNOME, fuskar aikin da Ubuntu ke zuwa da ita, na da nauyi, ƙyale-ƙyalenta na son katin gaske, don haka na sa Xfce, wata fuskar da ta fi sauƙi, kuma a nan zan zauna, don ni aiki na zo yi a ciki. Wasan gem ko tace bidiyo dai ba zan nema a nan ba, wannan sai an miƙa wa injin katin hoto sukutum ta KVM (hanyar Linux ta kunna injin kwaikwayo), kuma yawanci sai kana da kati biyu. Gobe in Allah ya kai mu zan haɗa fulda tsakanin Ubuntun da Windows.