Awon Kai da Fuskar Yaro Wajen Gano Lalurorin Ƙwayoyin Halitta

A cikin kayan aikin da ake duba jariri da su, da wuya a samu wanda ya fi tef ɗin awo sauƙi, kuma a ganina da wuya a samu wanda aka fi raina wa amfani. Ma'aikaciyar jinya takan zagaya shi ta saman gira, ta bi da shi ta saman kunnuwa har zuwa inda ƙeya ta fi tudu, sannan ta rubuta adadin a katin yaron. Kewayen kan jaririn da aka haifa bayan cikar watanninsa yakan kai kimanin santimita 34 zuwa 35, yana ƙara kusan santimita 2 a kowane wata cikin watanni uku na farko, sannan saurin ya ragu har ya kai kimanin santimita 45 zuwa 46 idan yaro ya cika shekara. Dalilin da ya sa likitocin yara ke kula da wannan adadi shi ne, girman ƙwaƙwalwa ne ke tura ƙasusuwan kai su buɗa, saboda haka awon kai hanya ce ta leƙa abin da ke faruwa a ciki.

Adadin shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an ɗora shi a kan jadawali. Wanda aka fi amfani da shi a duniya shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fara fitarwa a 2006 bayan an auna yara fiye da 8,000 a Brazil da Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, kuma ɓangaren awon kai ya biyo baya a 2007. Yadda aka ja iyakar jadawalin, dole ne yara biyu ko fiye kaɗan cikin kowane ɗari su faɗo ƙasa da layin da ake kira ƙanƙantar kai, wasu kamarsu kuma su haura layin girman kai, alhali da yawa daga cikinsu lafiyarsu lau. Shi ya sa gogaggen likita, idan ya ga kan yaro ya yi girma, yakan auna kan uwa da na uba kafin ya ce komai, domin akwai gidajen da babban kai gado ne kawai. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kan da ke tsallake layukan jadawalin daga wata zuwa wata, kuma ba a gane hakan sai an yi awo sau da yawa an adana sakamakon.

Idan girman ya kauce da gaske, ƙwayoyin halitta, wato bayanan gado da ke tsara yadda jiki ke ginuwa, na cikin abubuwan da ake tuhuma. Lalurar Sotos takan zo da babban kai da faffaɗan goshi da saurin tsawo, lalurar Cornelia de Lange kuma takan zo da ƙaramin kai da girar da ta haɗe a tsakiya. A lalurorin Apert da Crouzon, waɗanda duka biyun ke fitowa daga sauyi a ƙwayar halitta guda mai suna FGFR2, mahaɗan ƙasusuwan kai ne ke rufewa tun lokaci bai yi ba, sai siffar kan ta sauya idanu kuma su fito waje. Amma taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa ma tana kumbura kai ta ɗaga maɗiga, kuma duniya ta ga yadda ƙwayar cutar Zika ta jawo haihuwar jarirai masu ƙananan kai a Brazil a 2015 da 2016, ba tare da wata matsalar gado ba.

Fuska ta fi kai yawan bayani. Ana auna nisan da ke tsakanin idanu biyu, da tsawon buɗewar kowane ido da yadda ya karkata sama ko ƙasa, da tsawon kunne da inda ya zauna idan aka ja layi daga gefen ido, da zurfin kwarmin da ke tsakanin hanci da leɓen sama, da girman haɓa. Likitan yara ɗan Amurka David Smith ne ya mayar da wannan kallo fanni mai zaman kansa a shekarun 1960, sannan Leslie Farkas, wanda ya yi aiki a asibitin yara na Toronto a Kanada, ya shafe shekaru yana auna fuskoki har ya samar da ma'aunin da likitoci suka daɗe suna dogaro da shi. Alama ɗaya ba ta isa hujja ba, domin mutane masu ƙoshin lafiya da yawa suna ɗauke da ɗaya, amma idan uku ko fiye suka taru a jikin yaro ɗaya, yiwuwar akwai wata babbar matsala a ɓoye takan ƙaru sosai.

Wannan matsala ta ɓoye ita ce ainihin dalilin awon, ba sha'awar laƙaba wa yaro suna ba. Kusan rabin yaran da ke da lalurar Down suna da matsalar zuciya tun daga haihuwa, kuma yawancinta ana iya gyara ta da tiyata idan an gano da wuri. Yaron da wani ɗan yanki na kromosom na 22 (kromosom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta, kowanne da lambarsa) ya ɓace masa yana iya samun ƙarancin sinadarin kalsiyam har ya riƙa jijjiga, ga raunin garkuwar jiki, ga tsagewar ganɗa. A lalurar Williams, wadda ke fitowa daga ɓacewar yanki a kromosom na 7, babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ce takan matse. Fuskar ce ke sa likita ya tura yaron a duba zuciyarsa ko jininsa. Ya kamata kuma in faɗi wani abu game da kalmar gado da muke yawan amfani da ita: da yawa daga cikin waɗannan sauye-sauye suna faruwa ne a karon farko a jikin yaron, iyayen ba su ɗauke da su, saboda haka neman wanda za a ɗora wa laifi tsakanin uwa da uba ba shi da tushe.

Inda na fi damuwa shi ne tambayar da wa ake kwatanta yaron. John Langdon Down, likitan Ingila da ya bayyana lalurar Down a 1866, ya ga idanun yaran sai ya kamanta su da mutanen Mongoliya, kuma wannan mummunan suna ya zauna kusan shekara ɗari, har bayan an gano a Faransa a 1959 cewa ƙarin kwafi na kromosom na 21 ne sanadi. Kuskurensa shi ne ɗaukar fuskar Bature a matsayin mizani, kuma kuskuren bai mutu ba, domin yawancin hotuna da alƙaluman da ke littattafan likitanci na yara Turawa ne. Faɗin hanci da shafewar karansa da kaurin leɓe, waɗanda littafi zai lissafa a matsayin alamun lalura, siffa ce ta yau da kullum a wurin miliyoyin yaran Afirka, haka kuma ninkin fata a gefen ido na ciki yake a wurin yaran gabashin Asiya.

Zuwan kwamfuta bai kawar da wannan ba, ya dai fito da shi fili. Manhajar Face2Gene ta kamfanin FDNA tana karɓar hoton yaro ta jero lalurorin da suka fi kama da shi, kuma a wani bincike da mujallar Nature Medicine ta buga a 2019, bayan an horar da fasahar da hotuna fiye da 17,000 na lalurori fiye da 200, amsar da ta dace ta fito cikin goma na farko a kashi 91 cikin ɗari na gwajin. Masu yaɗa labarin sukan manta da kalmomin "cikin goma na farko". Shekara biyu kafin nan, binciken da Aimé Lumaka na Jami'ar Kinshasa ya jagoranta ya nuna cewa manhajar ta gane lalurar Down a kashi 80 cikin ɗari na yara Turawa, amma a kashi 37 kawai na yaran Kwango, kuma da aka ƙara horar da ita da hotunan yaran Afirka sai ganewarta ta inganta. Irin wannan giɓi ne ya sa cibiyar binciken ƙwayoyin halittar ɗan'adam ta gwamnatin Amurka ta buɗe kundin hotuna a intanet a 2016, domin likita ya ga yadda lalura ɗaya ke bayyana a fuskokin al'ummomi daban-daban.

Ina ganin amfanin manhajojin nan ya fi girma a wuraren da babu ƙwararren likitan ƙwayoyin halitta, amma da sharaɗi biyu. Hoton fuskar yaro bayanin lafiya ne da ba a iya ɓoye mai shi, don haka bai dace a tura shi ko'ina ba sai da yardar iyaye bayan an yi musu bayani. Sannan abin da tef ko manhaja suka nuna zato ne, wanda ake tabbatarwa da gwajin jini: ƙirga kromosom ya isa ga lalurar Down, ɓacewar ƙananan yankuna irin na kromosom na 22 da na 7 tana buƙatar gwaji mai zurfi, lalurori irin su Sotos kuma sai an karanta ƙwayar halittar kanta.