Auta ya dawo gida, mun gode

Alhamdu lillahi. Jiya anka yi saukar Alƙur'anin da Inna tay yi alkawari, kuma Auta da ƙafafunshi yash shiga zaure yag gaida malamai, da sanduna biyu da takalmin asibiti dai, amma ba wanda yar riƙe shi. Ni kam barci kawai nika so yanzu, sai dai in ban rubuta wanga ba ba ni samun natsuwa. Kun san komi tun ranar da motar albasa tak kife da su a hanyar Kalgo, wasunku ma kun riga ni ganin hoton motar a Facebook, don haka ba sai na maimaita ba.

Wanda nika son fara gode ma ko sunanshi ba mu sani ba. Wani dattijo ne direba da yat tsaya wurin haɗarin. Mutane sun riga sun kama Auta, wanga ya riƙe hannu wancan ya riƙe ƙafa, za su ɗaga shi kamar buhun albasa su cusa a kujerar bayan wata ƙaramar mota, kuma wallahi taimako suka son yi, sai dattijon ga yad daka musu tsawa, yad durƙusa yac ce "Yaro, kana jin ƙafafunka?" Auta yac ce "Baba, ban jin su." Nan take yac ciro falanki daga bodin motarshi, yas sa mutane sunka tallabe shi gaba ɗaya, kai da baya da ƙugu a miƙe, yak kwance rawaninshi yaɗ ɗaure shi jikin falankin, anka sa shi kwance a bayan a-kori-kura. Da munka isa asibitin koyarwa na Sakkwato likita ya gaya muna cewa ƙashin baya in ya karye, lanƙwasa mutum na iya ƙara ma laka rauni. Baba, duk inda kake, Allah shi tsare bayanka da na zuri'arka, Allah shi sa ka gama da duniya lafiya.

Ranar da tsoro yak kama ni sosai ba ranar tiyata ba ce. Ranar awo ce. Likita yaz zo da ɗan fil da auduga da wata takarda mai zanen jikin mutum, yac ce Auta shi rufe ido, shina taɓa shi wuri-wuri tun daga wuya, wurare 28 a kowane ɓangaren jiki, shina tambaya da tsini ko babu. Ƙirji lafiya, cibiya lafiya. Da anka gangaro cinya ina tsaye ina kallon fil ɗin na lotsa fata, yaron ga ido rufe yac ce "Likita, ka ci gaba mana, ina jira." Ban san sadda na dafa ƙarfen gado ba. Daga nan likitan yan nemi in ɗan fita, akwai awon ƙarshe a wajen dubura, ku yi haƙuri da ambaton wurin amma nan zancen yake. Auta ya ji taɓawar. Likitan yac ce jijiyoyin wurin daga can ƙarshen laka suka fitowa, in saƙo na kai nan to hanya ba ta yanke duka ba, shi yas sa a ma'aunin tsananin raunin laka yar rubuta harafin B bai rubuta A ba. Bai yi muna alkawarin komi ba, yac ce sai an riƙa maimaita awon. Da wanga harafin guda na fita na kira Inna.

Daga baya duk mun zama 'yan lissafi. A babu ji babu motsi a can ƙasa, B akwai ji babu motsi, C motsi ya zo amma da rauni, D kuwa sai aƙalla rabin tsokokin da aka aunawa ƙasa da raunin sun iya ɗaga kansu. Kowace tsoka ana ba ta maki daga 0 zuwa 5, in ta ɗan yi rawa kawai 1 ke nan, in ta iya ɗaga gaɓa sama da kanta 3. Ranar da babban yatsan ƙafarshi ta dama yas sami 1 sai da na sa waya na ɗauki bidiyo, ku da na tura ma kunka ce ba ku ga komi ba, ai ban ji haushi ba, sai mutum ya ƙura ido.

Likitan gashi, mai koya mishi motsa jiki da tafiya, ya roƙe ni kada in sa shi a nan, to ban sa suna ba amma ya san kanshi. Kullum Inna tak kira waya tambayarta guda ce, ya tashi? Wata rana yak karɓi wayar yac ce "Inna, daga yau ki riƙa tambaya mutum nawa sunka riƙe shi, kuma mi yad dafa." Ashe haka ma'aunin nasu yake, daga 0 zuwa 20, a tafiyar mita 10, ana duba abin da mutum yad dogara da shi, da ko akwai takalmin da ka riƙe ƙafa, da yawan masu tallabe shi. Auta ya fara a 1, tsakanin ƙarafa biyu na dafawa, mutum biyu na riƙe da shi, kuma ko mita 10 ɗin bai kai ba, zufa sharkaf. Da yak koma ƙarfen nan mai ƙafa huɗu shi kaɗai anka rubuta 9. Yanzu shina 12. Ashirin ta wanda ka tafiya ba sanda ba takalmi ce, ko za shi kai can Allah ne masani, mu dai mun ga tsakanin 1 da 12 da idonmu.

Akwai wata takardar kuma mai maki 100 ta harkokin yau da kullum, wanka, sa riga, tashi daga gado zuwa keke. Maki 40 cur a kan numfashi da fitsari da bayan gida suke, daidai da na zirga-zirga duka. Wanda bai yi irin wagga jinya ba ƙafa kawai shika tunani. Mu da munka yi ta juya shi duk bayan awa 2 dare da rana don gudun gyambon kwanciya, munka koyi sa robar fitsari da tsabta, mun san ba banza anka raba makin haka ba. A nan dole in ambaci matata, da wata baiwar Allah 'yar Argungu da ka jinyar mijinta a gadon kusa da namu, in barci ya sace ni ita ka tada ni ta ce "Malam, lokacin juyi ya yi."

Baba mai walda na bakin kasuwar Jega, kai kah haɗa muna ƙarafan dafawa a tsakar gida da bututu, kaƙ ƙi karɓar ko sisi, har kana faɗa don na matsa. Gwaggo ta Kalgo ta sai da tumakinta biyu ba ta gaya ma kowa ba sai kuɗin munka gani. Abokan Auta masu harkar albasa su sunka sayi keken guragu, magini kuma yas sassabe dokin ƙofa yay yi gangare da siminti. Malam Liman bai taɓa tashi daga sallar asuba bai sa shi a addu'a ba. Allah shi biya ku da abin da yaf fi, Allah shi raba ku da kwanciyar asibiti, shi jiƙan iyayenku, shi ba ku masu yi muku ranar da kuka buƙata.

'Yan uwanmu na cikin garin Sakkwato da kabu-kabu guda ka kawo su ƙofar asibiti, mun san hidima ta yi yawa. Waɗanda kuma sunka kira sau ɗaya don su ce a sace shi daga asibiti a kai ma masu ɗori, mun ji shawara. Mun ga kowa jiya wajen shinkafa, Allah shi bar zumunci.

Roƙona guda. Don Allah masu zuwa dubiya a daina ce mishi "jefar da sandunan ka gwada", faɗuwa guda na iya maida mu baya, kuma likitan gashi ne ka faɗin ranar da za a rage sanda. In kun gan shi a keke hanyar kasuwa ba koma baya ba ne, tafiya mai nisa da shi shika yinta, da ƙyar munka shawo kanshi yay yarda ya hau, kada a ɓata muna aiki da kallon tausai. Ku zo bayan la'asar, da safe shina motsa jiki kuma ba ya son ana kallo.