Gidan Rumawa a kan teburina: mako na 11, bango ya fara riƙe launi

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Mako uku ke nan ban ba ku labarin inda aka kwana ba, kuma ba komai ya hana ni ba illa kunya. Jan bangon nan da na cika baki a kansa wancan karon, har na ce ba shi da maraba da na attajiran Pompei, bayan kwana biyu na goga masa yatsa sai launin ya biyo ni kamar hoda. Yanzu dai na gano inda gizo ke saƙa, shi ya sa na dawo.

Ga wanda bai faro da mu ba, ƙaramin samfurin gidan masu hali nake haɗawa, irin na Pompei, garin nan na ƙasar Italiya da aman wutar dutsen Besubiyus ya binne a shekara ta 79 miladiyya. Santimita ɗaya a teburina yana madadin santimita 25 na gidan gaske. Gindin falanki ne, bangayen kuwa tayil ne na yumɓu da na yanka, ina yaɓe a bayansa mai kaushi, domin kwali ba ya ɗaukar irin wannan aiki.

Fasalin ɗakuna ya kammala, amma sai da na rushe gaban gidan sau ɗaya. Hannuna ne ya yaudare ni. Da na zo yanka ƙofofi, ban ma yi tunani ba na kauce da ta ciki daga saitin ta waje, yadda muka saba a zaurukanmu don kada wanda ke waje ya hangi tsakar gida. Ashe Barume akasin haka yake so. Daga bakin titi akwai wani siririn lungu da suke kira fawses, ma'anarsa maƙogwaro, shi ke kai mutum babban falon da ake kira atiriyum. A ƙarshen falon, daidai saitin ƙofa, akwai tabilinum, ɗakin da maigida ke zama da takardunsa, bayansa kuma lambu ne da ginshiƙai suka kewaye. An jera su a layi guda da gangan, ta yadda in an buɗe ƙofa da safe mai wucewa zai hangi maigida zaune, hasken lambu na bayansa. Kowace safiya barorinsa da masu neman alfarma sukan zo gaisuwa, su yi ta jira a falon har a kai kansu. Da na gyara ƙofofin na kafa idon kyamarar wayata a bakin lungun, sai ga gidan ya miƙe ɗoɗar, ya ninka tsawonsa a ido. A nan na gane cewa rabin ginin don idon baƙo aka yi shi.

Awon falon daga wajen Bitrubiyus na ɗauko, maginin nan da ya rubuta ƙa'idojin gini a zamanin sarki Agustus. Cikin awo ukun da ya bayar na zaɓi na tsawo uku faɗi biyu, sai nawa ya tashi santimita 36 da 24. A tsakiyar rufin akwai buɗaɗɗen rami mai kusurwa huɗu, rufin ya gangaro ciki ta kowane gefe, ruwan sama na zuba a wani ɗan kwarmi da ke ƙasa, daga nan ya wuce rijiyar ajiya a ƙarƙashin daɓe. Bitrubiyus ya ce faɗin ramin kada ya gaza kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin falon, kada kuma ya haura ɗaya cikin uku. Na ba shi santimita 7. Ɗakunan kwana biyu-biyu ne a kowane gefe, ƙanana ƙwarai, gado da akwati sun cika su. Shaguna biyu na fuskantar titi, ɗakin girki na can kurya da makewayi a jikinsa (haka suke yi, ni ma na yamutsa fuska).

Ranar da na ɗora rufi na leƙa ciki, abin da ya fara buguna duhu ne. Tagogin waje 'yan kaɗan ne, ƙanana, a can sama. Hasken gidan gaba ɗaya daga ramin rufi da lambu yake shigowa, sai kuma fitilar mai da dare. Wanda bai ga wannan duhun ba ba zai fahimci zanen bangonsu ba. Shi ya sa suke goge yaɓe har ya yi sheƙi, ɗan hasken da ya samu ya mayar da shi. Shi ya sa kuma suke zana ginshiƙai da ƙofofi da sararin sama a bangon ɗakin da ko taga ba shi da ita.

To, mu koma kan abin da ya kunyata ni.

Wannan zane ba fenti ba ne. Garin launi ake kwaɓawa da ruwa zalla, ba ƙaro ba mai, a shafa a kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa, wato wadda ake samu daga ƙonannen dutse a jiƙa ta. Yayin da yaɓen ke bushewa yana shan iska, farar ƙasar tana komawa dutse, ta kulle launin a fuskarta. In ka makara yaɓen ya riga ya yi ɓawo, launin zama kawai zai yi a sama kamar ƙura. Abin da ya same ni ke nan. Na yi yaɓe bayan azahar, na ce bari ya ɗan sha iska, na dawo bayan magariba. A cikin hunturun nan, a kan busasshen tayil da ko jiƙa shi ban yi ba! Tayil ya tsotse ruwa ta baya, iska ta kwashe ta gaba.

Wani dattijon magini a unguwarmu, wanda ya yi zamani da aikin makuba da zanen soro, shi na kai wa tayil ɗin. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce, "Ɗana, bango mai ƙishirwa ka ba abinci. Ka fara ba shi ruwa tukuna." Na ce, "Baba, ai na yayyafa." Ya yi dariya ya ce yayyafi ba ya kashe ƙishin kaka. Tun daga ranar nake kwanar da tayil a cikin bokiti, in fito da shi da asuba, in bar shi ya tsane kafin cokalin gini ya taɓa shi. Aikin kuma na mayar da shi sassafe, a ɗaki, taga a rufe, da jiƙaƙƙen tsumma a rataye kusa.

Kuskure na biyu shi ne rowar yaɓe. Shafi ɗaya na yi. Bitrubiyus kuwa, bayan yaɓen farko mai kaushi, shafi uku na yashi ya ce a yi, sannan uku na garin mabul, kowanne ya fi wanda aka shafa kafinsa laushi. Ba burga ba ce: kaurin shi ke riƙe danshi, ya ba mai zane lokaci. Ko a Pompei ba kowane gida ne ya cika wannan adadin ba, ni ma a kan ɗan tayil uku nake yi, biyu na yashin da na tankaɗe, ɗaya na garin mabul da na roƙo wajen masu aikin daɓe. Wajen gane ko farar ƙasa ta jiƙu, gwajinsa na bi: ka sara ta da ƙarfe, in ƙarfen ya fito da gudaji ba ta nuna ba, in ya fito fes tana neman ruwa, in ta manne masa kamar danko to ta yi. Tawa wata biyu ke nan a bokiti, ruwa na kwance a kanta. Ku sa safar hannu, don Allah. Tana cin fata, kuma in ta fantsama a ido ba wasa ba ne.

Lokacin shafa launi yanzu da yatsa nake gane shi. In na danna ya lotsa, da sauran lokaci. In ya tsaya da sanyinsa, na ɗiga ruwa ya shanye nan take, to yanzu ne. Daga nan abin da nake samu bai wuce awa biyu ba kafin buroshi ya fara jan ƙafa. Rumawa ma haka suke fama, iya abin da za su gama kawai suke yaɓawa, daga sama su gangaro ƙasa don kada ɗigo ya ɓata abin da aka kammala. A Pompei akwai gidan da aka laƙaba wa suna gidan masu zane a bakin aiki, domin an tarar da bango rabi da launi rabi da zanen share fage kawai, ga ƙananan tukwanen launi a ƙasa inda masu aikin suka watsar suka gudu. Na daɗe ina kallon hotunan ɗakin nan fiye da na kowane kammalallen bango.

Batun launi, ja ya fi ɗaukar mini lokaci. Jan da ya fi tsada a wajensu daga wani ma'adini mai ɗauke da zaiba ake samun sa, ana kawo shi daga Sifaniya, har hukuma ta ƙayyade farashinsa. Guba ne, ba ni ba shi. Kuma yana da hali: in rana ta dake shi sai ya yi baƙi. Bitrubiyus ya ba da labarin wani magatakarda mai suna Faberiyus da ya shafe bangayen lambun gidansa a birnin Rum da wannan ja, bayan kwana 30 suka yi dabbare-dabbare, dole ya sake da wani launin. Da na karanta sai na ji sanyi a raina, ashe ba ni na fara ba. Maganin da suke yi shi ne su shafe bangon da narkakken kaki da ɗan mai, su ɗumama da garwashi, su goge da ƙyalle. Ni jar ƙasa nake amfani da ita, irin jan talakawansu. Nakan jiƙa ta, in bar tsakuwa ta kwanta, in tsiyaye ruwan sama-sama, in shanya abin da ya zauna.

Gwajin da ya fi burge ni a makon nan da rawayar ƙasa na yi shi. Na zuba cokali biyu a tsohon kasko na ɗora a kan garwashi, ina juyawa, a gabana ta rikiɗe daga rawaya zuwa ruwan goro zuwa ja. Zafi ne ke korar ruwan da ke cikinta. Abin da ya faru ke nan da bangaye da dama a Harkulaniyum, maƙwabciyar Pompei: rawaya aka shafa musu, zafin aman dutsen ya mayar da su ja. Wato wani sashe na jan da duniya ke yabawa ba mai zane ne ya zaɓe shi ba. Baƙi kuwa daga kunkunniya suke samun sa, su haɗa wani da ƙaro ya zama tawada, kusan yadda muka sani a makarantar allo, sauran su ba masu yaɓe. Nawa na kankaro daga gindin tukunya, sai da na ɗiga masa ɗan sabulu kafin ya yarda ya haɗu da ruwa. Shuɗinsu haɗi ne na yashi da tagulla da wani gishiri mai kama da kanwa, a gasa, fasahar da suka koyo daga Masar. Wannan ya fi ƙarfina, bula na sa.

Wane ɗaki zai samu wane ado? Wani masani Bajamushe, August Mau, shi ya kasa zanen bangon Pompei gida huɗu a 1882, har yau da rabonsa ake aiki. Na farko yaɓe ne da ake tayarwa a yi masa launi ya yi kama da sassaƙaƙƙen mabul. Na biyu shi ne mai ruɗin ido, ginshiƙai da gine-gine kamar bango ya buɗe. Na uku ya rufe bangon da launi ɗaya shimfiɗe, da 'yan siraran sanduna da ƙaramin hoto a tsakiya. Bitrubiyus ya tsani irin waɗannan siraran sanduna, yana ganin ƙarya ce a ɗora rufi a kan kara. Na huɗu ya cakuɗa duka, shi ke tashe lokacin da garin ya halaka. Da farko na so in raba wa ɗakuna huɗu salo huɗu, sai na ga gidan zai koma kamar allon talla. Na tsaya a kan biyu. Lungun shiga da falo sun samu na farko, koyi da babban gidan nan mai faɗin kusan murabba'in mita 3,000 inda aka samo hoton yaƙin Iskandar na ƙananan duwatsu. Masu shi sun bar tsohon adonsu har ƙarshe, ina jin don a san gidan ba na jiya ba ne. Ɗakunan ciki kuma na uku.

Ɗakin cin abinci shi na gama jiya. Tsawonsa ninkin faɗinsa ne, da gadaje uku a jere kamar ƙofaton doki, kowanne na ɗaukar mutum uku a kishingiɗe kan gwiwar hannun hagu. Na mayar da shi na lokacin sanyi, don haka bangon baƙi ne da ratsin rawaya, kamar yadda aka shawarta saboda hayaƙin fitila ba ya nunawa a kansa. Na goge shi da bayan cokalin shayi tun yana ɗanye, har sai da na soma ganin inuwar yatsana a ciki. Da safen nan na goga masa jiƙaƙƙiyar auduga, ta fito fara tas.

Siffofin mutane da na allolinsu ba zan zana ba. Wasu ma, irin wanda ke ƙofar wani gidan Pompei da ake kira gidan 'yan Betti, wanda aka sake buɗewa a 2023, ba abin da za a ajiye a falo yara na wucewa ba ne. A madadinsu zan kwaikwayi lambun da aka zana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Libiya, matar Agustus, da itatuwan rumman da tsuntsaye, a bangon bayan lambuna. Matsalar ita ce kore. Na gwada haɗa bula da rawaya, ya fito kamar miyar kuka da ta kwana. In akwai wanda ya san inda ake samun koriyar ƙasa, ko ya taɓa gwada wani koren da farar ƙasa ba ta cinye ba, ya taimaka mini kafin Asabar, don tayil huɗu na jiƙe a bokiti suna jira.